Hifnosis Ba Sihiri Ba Ne, Ba Kuma Maganin Kowace Cuta Ba

Irin bidiyon nan ya zama ruwan dare a salulolinmu, tun daga Gidan Rumji har Agye da Gazawa: wani mutum cikin kwat ya dubi saurayi ido cikin ido, ya ƙyasta yatsa, saurayi ya sulale ƙasa kamar an zare masa laka. A ƙasan bidiyon an rubuta sunan abin, hifnosis, ko hypnose da Faransanci. Daga nan jama'a kan rabu gida biyu. Wasu su ce a'uzubillahi, sihirin Nasara ne, aljani aka tura. Wasu kuma su hau neman lambar wanda zai koya musu, ko zai raba su da hawan jini da ciwon suga a zama ɗaya. Gidajen biyu suna ganin gaba suke da juna, alhali ƙarya ɗaya suka saya: wai akwai wani ƙarfi a idon mutum ko a hannunsa da ke ƙwace hankalin wani. Babu shi. Kuma wannan ƙarya tana ci mana kuɗi, tana ci mana karatun 'ya'ya mata.

Turawan da ake cewa sihirinsu ne sun tona asirin abin fiye da shekara 200 da suka wuce. A 1778 wani likita Bajamushe, Franz Mesmer, ya sauka birnin Paris da iƙirarin cewa akwai wani ruwa marar ganuwa, mai kama da maganaɗisu, da ke gudana a jikin ɗan Adam, shi kuma ya iya sarrafa shi. Mutane suka riƙa faɗuwa a ɗakinsa suna makyarkyata suna kuka. A 1784 Sarki Louis na 16 ya naɗa kwamitin bincike, cikinsa har da Benjamin Franklin da Lavoisier. Dabararsu mai sauƙi ce. Su rufe wa mutum ido su ce ana yi masa aikin alhali ba a yi, sai ya faɗi. Su yi masa aikin ba tare da ya sani ba, ko gezau. Suka yanke hukunci: ruwan maganaɗisu babu shi, zaton mutum ne ke aiki a jikinsa.

Sunan ma da kansa yana ɓatar da mutane. James Braid, likitan tiyata a Manchester ta Ingila, shi ya yaɗa shi a littafinsa na 1843, daga kalmar Girkanci mai nufin barci. Amma wanda ke cikin hifnosis ba barci yake ba, yana jin duk abin da ake faɗa. Larabawa kuma suka fassara shi da tanwimul magnaɗisi, wato sa barci ta hanyar maganaɗisu, suka haɗa kuskure biyu a suna ɗaya: ba barci, ba maganaɗisu.

To mene ne? Tattara hankali ne wuri guda, har maganar da aka faɗa maka ta yi tasiri a jikinka fiye da yadda ta saba. Duk mun san ɗan'uwansa. Dubi mai sauraron kokowar neman takobi a rediyo, wanda za a kira sau uku bai ji ba. Dubi ɗan kokowar da makaɗi ya zuga, ya yi targaɗe bai sani ba sai bayan an tashi daga fili. Mutanen Tsibirin Gobir, inda Inna ke shugabancin bori, ba su jira Mesmer ba kafin su ga abin da goge da kirari da idon taro ke yi wa hankalin wanda ke jiran hawa. Hukuncin bori a addini daban, malamai sun faɗe shi. Abin da nake nunawa kawai shi ne, halin da hankali ke shiga ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa.

Kuma mutane sun bambanta. Binciken masana ya nuna kimanin 10 zuwa 15 cikin 100 ne ke karɓar abin sosai, wasu kusan ba ya kama su, yawanci suna tsakiya. Mai kwat ɗin nan na bidiyo ya san haka. Kafin a kunna kyamara ya gwada jama'a, ya tsince masu saurin karɓa kuma masu son a kalle su, ya sallami sauran. Wannan ɓangaren ne ba a turo maka.

Daga nan za a gane labarin da ake ji a tashoshin mota da kasuwannin bakin kwalta: "Hannu kawai ya ba ni, ban san lokacin da na miƙa masa kuɗin ragona ba." Hifnosis ba ya kama wanda bai ba da haɗin kai ba, balle a tsakiyar hayaniyar kasuwa cikin daƙiƙa biyar. Abin da ke faruwa tsohuwar damfara ce: zaƙin baki, saurin hannu, abokin aiki da ke nuna shi ma ya ci riba, tsoratarwa, wani lokaci ƙwaya a cikin abin sha. Wanda aka cuta yana jin kunyar cewa kwaɗayi ko tsoro ya ja shi, sai ya ce an juyar masa da hankali. Na tausaya masa, amma labarinsa yana da haɗari. Shi ke sa ɓarawo ya zama gagara-badau a idon jama'a, shi ke sa a yi wa baƙon da ya yi sallama kawai rubdugu, kamar yadda aka sha yi a biranen Afirka ta Yamma kan zargin satar al'aura.

Wani zai ce ai malamai sun haramta. Gaskiya ne akwai fatawar kwamitin malaman Saudiyya da ta haramta tanwimul magnaɗisi, amma a duba siffar da ta yi wa hukunci: mai aiki da aljani, yana sa shi ya hau mutum don a ji labarin gaibu. Duk mai yin haka boka ne ko da ya sa farar rigar likita, kuma ba Musulmin da zai kare shi. Likitan da ya ce wa majinyaci ya sassauta numfashi, ya kai hankalinsa inuwar gawo a gonarsu yayin da ake wanke masa ƙuna, wane aljani ya kira? A kai wa malamai siffar abin yadda take, sa'an nan a nemi hukunci.

Amfaninsa a asibiti tabbatacce ne, amma yana da iyaka. Ƙungiyar likitocin Birtaniya ta amince da shi a matsayin dabarar jinya tun 1955. A asibitin jami'ar Liège ta Beljiyam, tun 1992 ake yin wasu ayyukan tiyata, irin na maƙoƙo, da hifnosis haɗe da allurar kashe zafin wurin, maimakon a sumar da mutum gaba ɗaya. A 2015 cibiyar binciken lafiya ta Faransa, Inserm, ta tattara binciken da aka yi, ta ga yana taimakawa wajen tiyata da wani nau'in ciwon hanji, amma ba ta sami ƙwaƙƙwarar hujja ba kan daina shan taba. Ka ji ma'auni. Yana rage zafi da fargaba. Ba ya kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da ke kwantar da yaranmu kowace damina, ba ya saukar da suga, ba ya maye gurbin maganin farfaɗiya. Wanda ya ce ka tura masa jika goma ta salula ya warkar da kai daga nesa, kuɗinka yake so. Wanda kuma ya ce sai ya keɓe da 'yarka a ɗaki don aikin ya kama, a nan haɗarin yake. Ba idonsa ne makaminsa ba, yardar da kuka ba shi ce.

Akwai kuma masu zaton hifnosis na sa mutum ya faɗi gaskiya, ya tuna abin da ya manta, ya nuna ɓarawo. Akasin haka ne. Mutum a wannan hali yana iya ƙaga abin da bai faru ba, musamman in mai tambaya ya sa masa amsa a baki, kuma ya farfaɗo yana rantsuwa a kai. Shi ya sa kotuna da dama a Amurka ba sa karɓar shedar da aka samo ta wannan hanya.

Wannan batu na ƙarshe shi ya fi shafarmu mu malaman makaranta. Shekaru da dama ke nan makarantun sakandare na Nijar ke fama da faɗuwar 'yan mata a aji, abin da jaridu suka laƙaba wa génie tchatcheur. Kano ta ga irinsa a tsakiyar shekarun 1990 da sunan Sumbuka. A 1962 dariya ta ɓarke a wata makarantar 'yan mata da ke Kashasha, a Tanzaniya ta yau, ta yi ta bin ɗalibai har aka rufe makarantar. Salon ɗaya ne: ɗaya ta faɗi, waɗanda suka gan ta su bi, labari ya tsallaka aji na gaba. Likitoci sun san wannan a matsayin ciwon da tsoro ke yaɗawa cikin taro. Yaran ba ƙarya suke ba, jikinsu da gaske yake amsawa, kamar na majinyatan Mesmer.

Ba ina musun aljanu ba ne, Alƙur'ani ya tabbatar da su. Ina musun cewa duk yarinyar da ta faɗi a rumfar zana cikin zafin bazara, cikinta ba ko koko, jarrabawa na gabanta, a gida ana maganar aurenta, lallai aljani ne. Dubi abin da ake yi mata. A kewaye ta, a yi ta ihu, wani ya ɗaga salula yana ɗauka, wani ya zaro bulala wai aljani ake duka. Sai a fara: "Wane ne kai? Wa ya aiko ka? Kishiyar uwarta ce?" Yarinyar da hankalinta ya shagala, kowace magana na shiga, me kake zaton za ta ce? Mun sa mata amsa a baki, mun mai da ita sheda, gidaje biyu sun shiga gaba. Ƙarshenta uba ya ce lakwal ce ke da iskoki, ya cire ta. A ƙasar da kusan uku cikin huɗu na 'yan mata ke aure kafin shekara 18, kowa ya san inda za ta nufa.

Maganin bai fi ƙarfinmu ba. In yarinya ta faɗi, a janye ta daga idon taro, a kai ta inuwa tare da malama mace, a mai da sauran aji, a hana ɗaukar hoto. A yi mata magana a hankali, a ce za ta warware yanzu, domin yadda maganar tsoro ke kama jiki haka ta kwantar da hankali ke kama shi. A kai ta likita a duba zazzaɓi, ƙarancin jini da farfaɗiya. Iyaye na son ruƙiyya, a yi ta a gabansu, ba duka, ba keɓewa, ba tambayar wa ya aiko. Bayan kwana biyu a zauna da ita a ji abin da ke damunta. Makarantun horon malamai kuma su sa wannan cikin darasi, tunda mushe ne ke fara gani kafin likita da liman.

Rashin sani ya fi dare duhu. Ɓarawon tasha, mai tallar waraka a salula da mai bulala a harabar makaranta duk daga rijiya ɗaya suke sha: imaninmu cewa wani na iya ƙwace hankalin wani. Ranar da muka daina ba su wannan, kasuwarsu ta watse. Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu.