A Horad Da Ma'aikatan Bakin Tafkin Kainji

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a shekarar 1968, ruwa ya cinye tsibirai da fadamu, aka tayad da mutane sama da 40,000 daga matsugunansu, rayuwar jama'ar Yawuri da Ngaski da Shanga ta rataya a kan tafkin nan. Masunci da manomin albasa da mai kwale-kwale duk a bakinsa suke ci. Wanda hukuma ta ɗora wa nauyin yi musu jagora kuwa shi ne ƙaramin ma'aikaci, watau malamin gona da jami'in kifi. Idan shi kansa rabonsa da kos tun ranar da aka ɗauke shi aiki, me zai koya wa talaka?

Amfanin horo ba sabon abu ba ne a wannan yanki. A shekarar 1993 gwamnatocin Nijeriya da Jamus suka soma wani shiri na bunƙasa su a tafkin. Aka koya wa ma'aikata ƙidayar jiragen masunta da auna kifin da ake saukewa a bakin ruwa, aka kuma koya musu zama da sarakunan ruwa a tattauna. Alƙaluman da suka tara su ne suka nuna ɓarnar da tarun dala yake yi wa ƙananan kifi, har jihohin Kebbi da Neja suka hana amfani da shi. Ma'aikacin da bai san abin da yake aunawa ba, da wuya ya iya tsayawa gaban masunta ya gamsad da su cewa su ajiye tarun da suke ci da shi.

Abin takaici shi ne makarantar ba ta da nisa. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da kwalejin tarayya ta koyar da aikin kifi duk suna Sabuwar Busa, a ƙarshen tafkin ta kudu. Amma an saba, da zarar kuɗi sun yi wa hukuma ƙaranci, kason horo ake fara yankewa. In kuwa an yi kos ɗin, sau da yawa manyan ofis ne suke tafiya saboda alawus, mai aikin ƙauye yana nan inda yake.

Lalle ne Gwamnatin Jihar Kebbi da ƙananan hukumomin nan uku su keɓe kuɗin horo a kasafinsu na kowace shekara, su fara da ma'aikatan da ke Wara da ƙauyukan bakin ruwa. Wanda aka horar kuma a bar shi a wurin aikinsa na wasu shekaru, kada ya dawo daga kos yau, gobe a ɗauke shi a kai shi ofishin haraji a Birnin Kebbi.