Kada Ki Mai Da Ita Kyanwar Lami

A makon nan wata 'yar makaranta ce ta aiko mini da takarda daga Gezawa. Ta ce magen gidansu ta yayyaga tabarmar kakarta, ta kuma yakushi ƙanenta a kumatu, har uwarta ta ce ko dai a yanke faratan duka, ko kuwa a kai ta daji a yar. Tana tambaya yadda za ta yanke su ba ta ji wa magen ciwo ba.

To, 'yata, kafin ki ɗauki abin yanka, duba aikin da magen nan take yi muku. A ƙasar Gezawa gida yana jikin gona, gona tana jikin gida. Da kaka ta yi, an cika rumbu da gero da dawa, an jibge buhunan gyaɗa a ɗaki, sai ɓeraye su yi sallama. Ɓarnarsu kuwa ba ta tsaya ga hatsi ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a garin Lassa na ƙasar Barno a 1969, wani irin ɓera ne yake yaɗa shi, in fitsarinsa ko kashinsa ya taɓa abinci. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa ajiye mage cikin hanyoyin rigakafi. Farce shi ne fartanyar mage. Da shi take cafke ɓera, da shi take haye bishiya in kare ya biyo ta. In kika dundule shi, ta zama kyanwar Lami, ɓera ya sami gari.

Magen da take yawo a waje ita take gyara faratanta a jikin itace, ba ta bukatar yanka. Don a ceci tabarmar kaka, jingina mata guntun icce mai ɓawo kusa da makwancinta, can za ta koma karta.

Wadda take bukata ita ce tsohuwa, ko wadda ba ta fita daga ɗaki. Alamar ita ce farcen ya riƙa sarƙewa a zane, ko ya lanƙwashe ya nufi nama. Faratan mage 18 ne, biyar biyar a ƙafafun gaba, huɗu huɗu a na baya. Na biyar ɗin nan na gaba yana can gefe, ba ya taka ƙasa, sabo da haka shi ya fi saurin lanƙwashewa. Kada ki manta da shi.

Ga yadda ake yi. Bari ta ci ta ƙoshi, barci ya soma ɗibarta. Ki zauna da rana inda haske yake, ki naɗe ta da tsohon zane, ki bar ƙafa ɗaya a waje. Matsa dagin a hankali, farcen zai fito. Za ki ga bakinsa fari, gindinsa da ɗan ja. Jan nan nama ne mai jini da jijiya, kada ki kusance shi. Tsinin kaɗai za ki datse, kamar ƙwayar gero, da abin yankan farce mai kaifi. Ban da reza, ban da wuƙa. In ta fara zillo, sake ta, biyu yau, biyu gobe. In kuskure ya auku jini ya fito, danna tsumma mai tsabta har ya tsaya. Wanda ya riga ya shige nama kuwa, aikin malamin dabbobi ne.

Saura maganar ƙanenki. Duk wanda mage ta yakusa ko ta ciza, a wanke wurin nan da nan da ruwa da sabulu, har minti 15. In baƙuwar mage ce, ko ta gida ce amma halinta ya sake, tana dalalar da miyau, lalle a tafi asibiti a ranar. Ciwon haukan kare yana kama mage, kuma in alamunsa suka bayyana ga mutum, ba shi da magani. Sa'an nan a koya wa yaro ya daina jan wutsiyarta, don yakushi yakan fara daga nan.

Ki karanta wa mahaifiyarki wannan, ki gaishe mini da kaka. Sai mako mai zuwa.