Ɗokin Sabon Gem Da Cinikin Biri A Sama

Yau zan ɗan ajiye zancen littafi gefe guda, in taɓa wani batu da na ga ya ɗauke hankalin matasanmu, har da wasu masu furfura a gemu, wato ɗokin da ake yi na fitowar sababbin wasannin bidiyo, waɗanda yara ke kira gem. Na san wani zai ce ina ruwan marubuci da wasan yara? To ai mu marubuta littattafan hikaya mun fi kowa sanin abin da ake kira sa wa mutum rai, domin da shi muke cin abinci. Mu ne za mu kai labari daidai inda amarya ta buɗe ƙofa ta yi arba da kishiya, sai mu yanke, mu ce mu haɗu a littafi na biyu. Daga nan mai karatu ya yi ta sintiri shagon masu sayar da littafi yana tambaya ko ya fito. Saboda haka idan na ga kamfanonin gem suna ja wa duniya rai, na san irin kiɗan, sai dai nasu gangar ta fi tamu girma nesa ba kusa ba.

Babu misalin da ya kai na Grand Theft Auto, wanda aka fi sani da GTA, na kamfanin Rockstar Games. Kashi na biyar ya fito a watan Satumba na 2013, kuma cikin kwana uku kacal ya tara dala biliyan ɗaya. Zuwa 2024 an sayar da kwafi fiye da miliyan 200 nasa. Tun daga wancan lokaci jama'a suka zuba ido suna jiran na shida. A watan Satumba na 2022 wani matashi ɗan Ingila ya yi wa kamfanin kutse, ya watsa gajerun bidiyo kusan 90 na aikin da ba a gama ba. Sai a watan Disamba na 2023 kamfanin ya saki tallan farko, tallan da bai kai minti biyu ba, amma cikin kwana ɗaya an kalle shi sau fiye da miliyan 90 a YouTube. An nuna birnin Vice City a wata jiha ta ƙirƙira mai suna Leonida, wadda aka kwaikwayo daga Fulorida ta Amurka, da kuma wata mace mai suna Lucia a matsayin tauraruwa tare da abokin tafiyarta Jason. Aka ce wasan zai fito a 2025. A watan Mayu na 2025 aka ɗaga zuwa 26 ga Mayu 2026. A watan Nuwamba na 2025 aka sake ɗagawa zuwa 19 ga Nuwamba 2026. Ka lissafa da kanka mai karatu, jaririn da aka haifa ranar da na biyar ya fito, shekararsa goma sha uku a wannan rana ta ƙarshe da aka sa.

Ni dai a ra'ayina ɗoki ba laifi ba ne. Rabin daɗin abu yana cikin jiransa. Duk wanda ya taɓa ƙirga kwanakin da suka rage a yi salla yana yaro, yana leƙa ɗinkinsa wurin tela, ya san abin da nake nufi. Samari su zauna a majalisa suna musu kan yadda taswirar sabon wasan za ta kasance, wannan ya ce ya hango kaza a cikin talla, wancan ya ƙaryata shi, duk nishaɗi ne, kuma kyauta ne. Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin da aka mayar da wannan ɗoki ya zama hanyar zare kuɗi daga aljihun mutum tun kafin ya ga abin da zai saya.

Kamfanonin nan suna da wani tsari na biyan kuɗi tun wasa bai fito ba. Za a ce maka ka biya yanzu, ranar da ya fito kai ne na farko, har a ɗora maka ɗan gyara, ko wata riga da tauraron zai sa, ko wata mota ta musamman. A zamanin da faifai kaɗai ake sayarwa wannan yana da ma'ana, domin kana iya zuwa kanti ka tarar ya ƙare. To amma yanzu da akasarin mutane ke sauke wasa ta intanet, me zai ƙare? Ko mutum miliyan ɗari ne suka saya, kwafinka yana nan yana jiranka. Abin da kawai biya da wuri yake yi shi ne ya raba ka da damar jin ra'ayin waɗanda suka riga ka bugawa. Wannan shi Bahaushe ke kira cinikin biri a sama.

Ga wanda yake ganin tsoro ne kawai irin namu na manya, bari in ba shi labarin Cyberpunk 2077. Kamfanin CD Projekt na ƙasar Folan ne ya sanar da shi tun 2012. Kamfanin yana da suna mai kyau, domin shi ya yi The Witcher 3 da ya fito a 2015 kowa yana yabo. A 2019 suka fito da ɗan wasan fim Keanu Reeves kan dandamali, aka ce yana cikin wasan, duniya ta ɗauka. An sa ranar fitowa a Afrilun 2020, aka ɗaga zuwa Satumba, aka ɗaga zuwa Nuwamba, daga ƙarshe ya fito 10 ga Disamba 2020. Kafin ranar, mutum miliyan 8 sun riga sun biya. Da aka kunna shi a kan PlayStation 4 da Xbox One, sai ga kura-kurai kamar an zubo su da kwando: mutane suna shawagi a iska, motoci suna nutsewa cikin kwalta, wasan yana tsayawa cak ana tsakiyar bugawa. Abin ya yi muni har kamfanin Sony ya cire shi daga kantinsa na intanet cikin kwana goma da fitowarsa, ya ce duk mai so ya zo a mayar masa da kuɗinsa, kuma bai dawo da shi ba sai a watan Yuni na 2021. Gaskiya ne daga baya sun gyara shi, musamman a 2023, har ya zama abin yabo. Amma wanda ya biya a 2020 ya biya cikakken kuɗi ya sha haushi, wanda ya yi haƙuri kuwa ya same shi a gyare, galibi ma da rangwame.

A nan akwai abin lura. Mutane da yawa sun ɗauka cewa duk wasan da aka daɗe ana jira to dole ya yi kyau. Cyberpunk sau uku aka ɗaga shi, bai hana shi fitowa da ɗanyen aiki ba. Akwai kuma Duke Nukem Forever, wanda aka sanar a 1997, bai fito ba sai 2011, bayan shekara goma sha huɗu, kuma da ya fito masu sharhi suka yi masa kaca-kaca. Waɗanda suka jira shi sun yi jiran gawon shanu. Ashe tsawon jira ba ya zama shaida. Gani ne kaɗai yake korar ji.

Duk da haka, idan aka ba ni zaɓi tsakanin a ɗaga rana da a fito da aikin da bai nuna ba, ina bayan ɗagawa. Mu da muke rubutu mun san yadda abin yake. Littafi na ɗaya ya karɓu, ɗan kasuwa ya matsa lamba yana son na biyu kafin zafin ya huce, masu karatu suna ta aike. Marubucin da ya biye musu yakan cika shafi da surutu, ya kashe tauraro babu dalili, ko ya manta sunan da ya ba wa ƙanwar jaruma a littafin baya. Masu karatun da suka matsa masa su ne na farko da za su ce ya lalace. Sauri ya haifi nawa? Haka abin yake ga masu haɗa gem, har ma ya fi, domin su ɗaruruwa ne, wani lokaci dubbai, kuma jikinsu ne yake biyan farashin gaggawar. A 2018, gab da fitowar Red Dead Redemption 2, ɗaya daga cikin shugabannin Rockstar, Dan Houser, ya faɗi a wata hira cewa sun yi makonnin da suka yi aikin awa 100, daga baya ya ce shi da 'yan tsirarun marubutan labarin yake nufi. Maganar ta tayar da ƙura sosai, ma'aikata suka fara fitowa suna bayyana irin wahalar da ake sha a wannan sana'a. Su ma ma'aikatan Cyberpunk an wajabta musu aikin kwana shida a mako ana dab da fitowarsa. Saboda haka duk lokacin da matashi ya hau intanet yana zagin kamfani don an ɗaga rana, ya tuna akwai wani uban yara a can da bai ga iyalinsa da rana ba tun makonni.

Akwai misalin da ya burge ni, wanda ya nuna ana iya jira a ci riba. Wani ƙaramin kamfani ne a birnin Adelaide na Ostareliya mai suna Team Cherry, wanda ginshiƙansa mutum uku ne. Sun sanar da Hollow Knight: Silksong a watan Fabrairu na 2019, sannan suka yi shiru, suka duƙufa kan aikinsu. Masoya suka yi ta jira har abin ya koma barkwanci a tsakaninsu. Sai a watan Agusta na 2025 suka faɗi rana, makonni biyu kacal kafin lokaci, wasan ya fito 4 ga Satumba 2025 a kan dala 20. Cunkoson masu saye ya sa kantunan intanet irin su Steam suka sarƙe na ɗan lokaci, kuma a ranar farko mutum fiye da rabin miliyan ne suke buga shi lokaci guda a Steam kaɗai. Ba su yi shekara shida suna kiɗa da tambura ba, sun bari sai da tuwo ya nuna sannan suka kira mutane.

To yanzu mu dawo gida, domin lissafinmu daban yake da na Bature. Tun daga 2020 manyan wasanni na PlayStation 5 suka koma dala 70, kuma a 2025 kamfanin Nintendo ya sa wa Mario Kart World dala 80. A shekarar 2025 dala tana kai-kawo ne a wajen naira 1,500, ke nan dala 70 ta haura naira dubu 100. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Nijeriya ta amince da shi a 2024 kuwa naira dubu 70 ne. Wasa guda ya fi albashin wata na ƙaramin ma'aikaci, ba a yi maganar na'urar ba, ba a yi maganar data ɗin da za a sauke shi ba, balle man janareto. Kuma GTA na shida a kan PlayStation 5 da Xbox Series kaɗai aka sanar da shi, mai tsohuwar PlayStation 4 sai dai ya yi kallo. Ɗan Landan idan ya yi cinikin biri ya faɗi, ya yi asarar kuɗin fita cin abinci ne. Namu yaron kuwa wataƙila wayarsa ya sayar, ko ya taɓa jarin da aka ba shi. Masu gidajen gem a Kano da Kaduna su ma sun san wannan zafi, domin duk shekara wajen watan Satumba sai an fito da sabon wasan ƙwallo, wanda da ake kira FIFA, tun 2023 kuma ya koma EA Sports FC. Yara su ce sai sabo, mai shago ya ciyo bashi ya saya, a kunna a tarar bambancinsa da na bara bai wuce sababbin riguna da sauyin 'yan wasa da ɗan gyare-gyare ba.

Sai kuma iyaye. Don Allah mu daina ɗauka cewa duk abin da aka kira gem na yara ne. GTA na biyar a Turai an yi masa alamar 'yan shekara 18 zuwa sama, a Amurka 17, domin labarin fashi ne da harbe-harbe da ashar da wuraren da ba za ka so ɗanka ya leƙa ba. Su da suka yi shi ba su ɓoye ba, alamar tana nan ɓaro-ɓaro a jikin kwali. Idan yaronka ɗan shekara goma sha biyu ya dame ka da ƙirga kwanakin fitowar wani wasa, tambaye shi sunansa, ka duba lambar da ke jiki, kamar yadda za ka duba littafin da ka gani a ƙarƙashin matashin 'yarka. Hana shi gem gaba ɗaya ba zai yiwu ba, zai je gidan maƙwabta ya buga. Amma zaɓa masa wanda ya dace da shekarunsa yana hannunka.

Shawarata ga ƙannena masu ɗoki gajeruwa ce. Ku kalli talla, ku yi musunku a majalisa, ku ji daɗin jiran. Idan an ɗaga rana kada ku zagi kowa. Idan wasa ya fito ku ba shi ko da mako biyu, ku ji abin da waɗanda suka buga a irin na'urarku suka ce, domin tallan kamfani a kan na'ura mafi tsada ake shirya shi. In ya yi kyau, yana nan bai gudu ba. In ya fito da kura-kurai, kuɗinku yana aljihunku har a gyara. Mai haƙuri shi ke dafa dutse ya sha romonsa.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba. Na bar ku lafiya.