Tsohon Soro Ba Ya Bukatar Tayil

Duk wanda ya samu tsohon gidan ƙasa a cikin birnin Kano, ko Zariya, ko unguwar Birni ta Damagaram, ya yi niyyar mayar da shi ƙaramin gidan cin abinci na alfarma, shawarar farko da zai ji ita ce ya shafe bango da siminti, ya shimfiɗa tayil, ya rufe sama da silin. A ganina wannan shawara asara ce, ta kuɗi da ta tarihi. Abin da zai sa mutum ya baro gidajen abincin bakin titi ya kutso lungu shi ne ginin kansa, saboda haka aikin mai ƙawata ɗakin shi ne ya rage hannu, ya bi sawun maginan da suka riga shi.

A shiga soro a ɗaga kai. Bakuna sun taso daga jikin bango sun haɗu a tsakiya, abin da magina ke kira daurin guga, wani lokaci har da tasa manne a mahaɗar. Lalura ce ta haifi wannan fasaha: azarar giginya, wadda gara ba ta cika cin ta ba, ba ta ɗaukar nauyin rufi idan tazara ta wuce kamar mita 2, sai aka riƙa ɗaura ta daki-daki ana lulluɓe ta da ƙasa har ɗaki ya yi faɗi. Da wannan dabara Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Wanda ya ɓoye irin wannan rufi a bayan silin ya binne mafi tsadar abin da ya saya. Shi kuwa siminti ba ya kama jikin ƙasa. Yana tsagewa, ruwa ya shige ta baya ya rasa hanyar fita, bango ya riƙa ruɓewa daga ciki alhali fuskarsa sumul. Yaɓen ƙasa da makuba ginin ya sani. Fitila mai laushin haske a cikin alkuki, tebura kaɗan marasa tsayi, darduma da timtim na dukawa, akushi da faifai a wurin zuba abinci: sun wadatar.

An gwada, kuma ya yi. A Agadas, wadda hukumar UNESCO ta sanya tsohon garinta cikin kayan tarihin duniya a 2013, otal ɗin Ayar da ke kusa da babban masallaci asalinsa fada ce da aka gina wa Kawsan, wani jagoran Abzinawa, kuma babban zaurenta mai ginshiƙai ya zama wurin cin abincin baƙi. A Marrakesh ta Maroko ma tsofaffin gidaje masu tsakar gida sun koma masaukai da gidajen abinci, kuɗin baƙi ne ke biyan gyaransu.

Za a ce ginin ƙasa ba ya tafiya da tsaftar da sayar da abinci ke bukata. Wannan gaskiya ne game da kicin da banɗaki, inda ruwa da maiƙo da wuta suke. Sai a gina su daban a tsakar gida, da bulo da tayil da magudana mai kyau, nesa da tsohon bango. Za a ce masu kuɗi sun saba da na'urar sanyaya ɗaki. Bango mai kauri yana riƙe sanyin dare har rana ta take, fanka ta ƙarasa sauran a yawancin watanni. Za a kuma kawo maganar yaɓe kafin kowace damina. Kuɗi ne, babu musu, amma gidan da ke kawo riba shi ne ake tunawa da indararonsa, wanda magada suka kulle kuwa ruwan Agusta ne ke gadonsa.

Ƙorafin da ya fi nauyi a wurina na maƙwabta ne, domin waɗannan gidaje suna tsakiyar iyalai masu sirrinsu. Mai gidan abinci ya tsayar da baƙinsa a zaure da shigifa da soron da ke kallon cikin gida, kada ya fasa sabuwar taga ta leƙa gidan wani, kada ya jera kujeru a kan rufi, ya kuma zauna da mai unguwa a kan lokacin tashi da wurin ajiye motoci tun kafin ya sayi tukunya.