Kaskon Wuta Da Hunturu A Jakara

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu takan sauko daga Hamada, har sanyin asuba a Kano ya sauka zuwa wajen digiri 13. Mutanen Jakara, waɗanda ke zaune a kwarin da ke daura da Kasuwar Kurmi, sun san cizonsa sarai.

Bisa al'ada, magidanci kan sayo gawayi, uwargida ta hura kasko, a toshe taga da tsumma, a rufe ƙofa, a kwanta. To, a nan haɗarin yake. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Jini yana riƙe ta fiye da iskar numfashi sau 200, mai barci kuwa sai ya zarce bai farka ba. Ga kuma tartsatsi kusa da katifa da tabarma, alhali hunturu ya busar da kome, lungunan birni kuma sun yi wa motar kashe gobara ƙunci.

Saboda haka wajibi ne a soma shiri tun sanyi bai kankama ba. A liƙe tsagar bango, a sauya kaskon da ya fashe, a tanadi barguna. In an ɗumama ɗaki, a bar kafar iska, sa'an nan a fitar da kasko tsakar gida a kashe wutar kafin a kwanta.

Ɗaliban da suka dawo hutun ƙarshen shekara sun karanta wannan a makaranta. Haƙƙi ne a kansu su bayyana wa iyayensu cikin ladabi, domin rigakafi ya fi magani.