Iyafis Da 'Ya'yanmu: Kunne Ba Shi Da Safaya

Duk wanda ya tsaya a tashar mota ta Daura, ko ya bi ta ƙofar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya lokacin da ɗalibai ke tashi, ba zai rasa ganin samari da 'yan mata da wani ɗan farin abu maƙale a kunne ba. Ba shi da igiya, girmansa bai wuce gyaɗa mai ɓawo ba. Wasu na ce masa iyafis, wasu kuma bulutut. Abin ya kai Sandamu da Zango da Baure, ya shiga gidajenmu, har ya shigo majami'a. A wasu ikkilisiyoyi dattawa sun fara cewa a hana shi ɗungum. Mu dai ba mu goyi bayan hanin ba, amma muna ganin akwai magana a kan abin nan wadda ta fi wadda ake yi nauyi.

Sunan kansa yana da labarin da zai ba mai bi sha'awa. Hanyar da waya ke aika sauti zuwa kunne ba tare da igiya ba, wato Bluetooth, an raɗa mata sunan Harald, wani sarkin ƙasar Danmak na ƙarni na 10, wanda ake yi wa laƙabi da mai shuɗin haƙori. Shi ne ya haɗa kan mutanen ƙasarsa, ya karɓi baftisma, ya kuma sa aka sassaƙa a jikin dutse cewa ya mai da Danmak ƙasar Kirista. Dutsen yana nan har yau a garin Jelling. Injiniyoyi suka ari sunansa domin ita ma hanyar haɗa na'urori take yi. Ƙananan na kunne kuwa sun yaɗu ne daga 2016, shekarar da kamfanin Apple ya fito da waya marar ramin igiya, ya biyo da AirPods. Sauran kamfanoni suka bi sahu, har irin su Oraimo suka cika shagunanmu.

Amfaninsa ba a ɓoye yake ba. Iyayenmu sun yi zamanin da ake kewaye akwatin rediyo ɗaya domin jin Muryar Bishara daga Jos. Bayan haka aka yi na kaset, wanda in batir ya yi sanyi muryar mai wa'azi sai ta koma kamar ta mai jin barci. Yau Littafi Mai Tsarki na Hausa yana nan cikin waya ana karanta shi da murya, tsohuwar da ba ta yi makaranta ba tana iya saurare tana tsince wake. 'Yar ƙungiyar mawaƙa tana koyon muryarta a hanyar rijiya. A ƙasar Daura kuma, inda masu bi ba su da yawa, galibi muna zaman haya gida ɗaya da 'yan'uwanmu Musulmi, saurayin da ya sa waƙarsa a kunne da asuba ya fi mana wanda ya ƙure rediyo ya ta da maƙwabta. Wannan ma wani gefe ne na zaman lafiya.

To, amma kunne fa? A can cikin kunnen mutum akwai wani sashe mai kama da dodon koɗi, a cikinsa akwai 'yan ƙwayoyi masu gashi-gashi wajen 16,000 da ake haihuwar mutum da su. Su ne ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai yawa tana gajiyar da su, in ta daɗe ta kashe su, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Babu allura, babu ƙwaya, babu saiwar da ke dawo da shi. Abin da ya sa ɓarnar ke da wuyar ganewa shi ne ba ta zuwa da ciwo. Yaro zai cire iyafis ya ji kunnensa yana ɗan kuka kamar gyare, ko ya ji muryoyi sun dusashe, gari ya waye abin ya wuce, sai ya ɗauka ba komai. Alhali kuwa gargaɗi ne. Mutum yakan yi asarar kaso mai yawa na waɗannan ƙwayoyi kafin ma gwajin asibiti ya nuna wani abu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan 1 ne ke cikin haɗarin rasa ji saboda irin sauraron da suke yi. Ta kuma ba da ma'auni. Ana auna ƙarfin sauti da abin da ake kira desibel. Babba zai iya jin desibel 80 har awa 40 a mako ba tare da illa ba, yaro kuwa desibel 75. Amma lissafin ba irin na mudu ba ne. In sauti ya hau 90, awa 4 kacal ya rage a mako. In ya kai 100, rabin awa ma bai cika ba, kuma yawancin wayoyi in aka ƙure su suna kaiwa nan ko su wuce. Yanzu a dubi ɗalibin da ya hau mota daga Daura zuwa Kano, injin na ruri, iska na kaɗawa ta taga, ya ƙure waƙa domin ta rinjayi ƙarar hanya. Kafin su isa Kazaure ya cinye rabonsa na mako, ya shiga na makon gaba.

Saboda haka wanda zai saya, ko uban da zai saya wa ɗansa, kada ya fara da tambayar wanne ya fi ƙara. Mai shago zai sa maka waƙa mai ganga ya ce ji yadda yake dukan kirji. Ka roƙe shi ya sa maka magana, labarai ko karatu, ka rage sautin zuwa rabi, ka ji ko kalmomin suna fita sarai. Mai kyau ba ya bukatar a ƙure shi. Ka duba kuma ko yana da 'yan robobi masu laushi girma-girma, domin wanda ya zauna daidai a kunne yana tare hayaniyar waje, mai shi ba ya jin bukatar ƙara sauti. Akwai masu tsada da ke kashe ƙarar waje da kansu. Suna aiki sosai a kan ƙara mai ɗorewa irin ta injin mota ko janareta, amma yawancin masu araha da aka rubuta musu haka a kwali rubutun ne kawai.

Araha ba ta ado. Jabun AirPods sun cika kasuwa, kwali iri ɗaya, rubutu iri ɗaya, in ka ga an yi maka kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na gaske ba, ka san abin da ka riƙa. Gara ƙaramin suna na gaskiya mai takardar garanti da babban suna na ƙarya. A kuma sani cewa ko na gaske ne ba kayan gado ba ne. Batirin da ke ciki ɗan mitsitsi ne, an manne shi, ba a canzawa. Yakan yi awa 4 zuwa 6 yana sabo, bayan shekara 2 ko 3 ya fara gazawa, zafin bazara na ƙasar nan kuwa yana gaggauta mutuwarsa, balle an bar shi a gaban mota ko an kai shi shagon caji an tara shi da wayoyi 50 a ƙarƙashin kwano. Ƙurar hunturu da dattin kunne suna toshe ɗan ragar bakinsa, sauti ya ragu, mai shi ya yi ta ƙarawa, alhali tsumma mai tsabta ne maganin. In ɗaya ya faɗi a rairayi kuwa sai dai haƙuri. Ga mai ƙaramin ƙarfi, tsohon mai igiya bai yi laifin komai ba: ba ya cin caji, ba ya ɓata ɗaya-ɗaya, kuɗinsa kuma kaɗan ne, muddin wayar tana da raminsa.

Maganar hanya ba ta bukatar dogon bayani. Ranar Lahadi ce kasuwar Mai'adua ke ci, ranar da manyan motocin shanu ke cika titi, ranar kuma da 'ya'yanmu ke tafiya sujada a ƙafa da kan babur. Direban tirela ba shi da abin da zai yi wa mai tafiya sai oda. Ɗan acaɓa ko mai keke da ya toshe kunnuwa biyu ya jefa ransa da na fasinjansa cikin haɗari. Wanda ke bakin titi ya cire, in ya matsu ya bar ɗaya. Ba mu ga wani sassauci da za a yi a nan ba.

Abin da ya fi ɓata wa dattawa rai shi ne gaisuwa, kuma suna da gaskiya. Daura gari ne na sarauta da ladabi, tun daga fada har ƙauye. Tsoho ya ce wa yaro sannu, yaro ya wuce kamar kurma, ba domin raini ba sai domin bai ji ba, amma tsohon ba zai san haka ba. In ɗan Kirista ne, ba za a ce ɗan wane ba shi da tarbiyya ba, za a ce haka 'ya'yansu suke. Mu da muke tsiraru, halin ɗanmu a bakin hanya wa'azi ne, ko mai kyau ko marar kyau. Cire abu daga kunne a durƙusa a gai da babba ba ya cin daƙiƙa biyar. Haka ma a ajin baftisma da lokacin sujada. Mun ga waɗanda ke rufe shi da ɗankwali ko hula, suna gyaɗa kai ana tsammani wa'azi ne ya ratsa su. Sama'ila yana yaro ya ji kira cikin dare domin ɗakin shiru ne, kunnensa kuma a buɗe. Wanda ke kwana da waƙa a kunne har asuba, ya tashi da ita, ya yi wanka da ita, yaushe zai sami shirun da zai yi tunani a kan ransa, balle addu'a?

Sai dai laifi tudu ne. Kafin majalisar dattawa ta zauna a kan iyafis, ta fara duban lasifikar da ke gaban bagade. Majami'a mai ɗaukar mutum 80, rufin kwano, ba silin, an jera manyan akwatunan sauti huɗu, ga ganguna, ga jita, ga janareta a bayan taga, mai kula da na'ura kuma yaro ne da ya ɗauka ƙara ita ce albarka. Benci na gaba, dab da akwatin, nan muke zaunar da 'yan makarantar Lahadi, nan uwa ke zama da jariri a baya. Akwai gwaji mai sauƙi: in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke nesa da kai kamu biyu ya ji ka, ƙarar ta kai mai yin illa. A gwada wannan ranar bikin godiya ko taron Zumuntar Mata a gani. Kunne bai san bambancin waƙar yabo da ta gidan rawa ba, ƙarfin kawai yake ji. Ubangijinmu ya buɗe kunnen kurma a yankin Dikafolis, kamar yadda Markus ya rubuta a sura 7. Ba daidai ba ne a ce a gidansa ne ake kurmantar da yara a hankali, awa uku kowace Lahadi. Saurayin da ke da iyafis yana da ikon rage nasa, jaririn da ke goye ba shi da wannan iko.

Shi ya sa muke cewa hani ba zai kai mu ko'ina ba. Abin da aka hana a fili zai koma ƙarƙashin ɗankwali. Gara shugabannin matasa su zauna da yaran, kowa ya fito da wayarsa, a nuna musu inda ake ƙayyade sauti, domin yawancin wayoyi suna da wurin, wasu ma suna yin gargaɗi in an wuce kima, yaran ne ke danna amincewa ba tare da karantawa ba. Shawarar masana ita ce kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin waya, a riƙa hutar da kunne, kada kuma a yi aron na wani, domin ciwon kunne yana bin sa. Wanda kunnensa ya riga ya fara kuka ba ya dainawa, a kai shi asibiti, kada a ɗiga masa man ja ko ruwan ganye.

Kowace shekara ranar 3 ga Maris ce ranar kula da ji ta duniya. Kusan kowace ikkilisiya a ƙasar Daura tana da nas ko ma'aikacin lafiya a cikin membobinta. A ba shi minti 15 a Lahadin da ta fi kusa da ranar ya yi wa jama'a bayani, matasa su zo da iyafis ɗinsu, mai kula da na'ura shi ma ya zauna a gaba. Kafin lokacin kuwa, janye bencin yara daga bakin lasifika ba ya bukatar kwamiti ko baiko na musamman, mutum biyu ne za su ɗaga shi ranar Asabar lokacin shara.