Babban baƙo ne ya cinye mana fainal

1/ Jama'a, yau zan taɓo abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya: yadda muke shirya gasar ƙwallo a ƙasar Gumel. Ni ɗan Gagarawa ne, kuma abin da zan faɗa da idona na gani. Wanda ya ji zafi ya yi haƙuri, amma ya karanta har ƙarshe. Zare 👇

2/ Hutun Disamba na je kallon fainal ɗin wani kofi a yankinmu. Ƙanena na cikin masu bugawa. Wata biyu yaran nan suna tirenin bayan asuba, wasu takalmin ma na aro ne. A fosta an rubuta ɓaro-ɓaro: ƙarfe 4:00 na yamma.

3/ Huɗu ta yi, yara sun shiga fili, babban baƙo bai iso ba. Sai biyar saura ga jerin motoci. Jawabin maraba, jawabin shugaban kwamiti, jawabin wakilin wane, maroƙi ya karɓe lasifika. Rafali bai busa usur ba sai 5:20.

4/ Ku yi lissafin da kanku. A Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6:00. Wasa minti 90, hutu minti 15, in an kai fenariti ƙara wasu 15. Awa biyu cur. Filin ba fitila. Wanda bai fara da huɗu ba ya san ba zai gama ba.

5/ Aka rage kowane zagaye zuwa minti 20. Aka tashi 1-1. Bayan magariba aka buga fenariti da fitilun babura, 'yan kallo sun cika fili. Gardama ta kaure kan ko ƙwallo ta shiga, aka watse. Babban baƙo? Tun hutun rabin lokaci ya tafi. Ƙanena ko tuwo bai ci ba ranar.

6/ Abin da ya fama mini wannan mikin shi ne bidiyon wani mai shirya wasanni da ya je Amurka kallon Rose Bowl, wasan ɗaliban jami'a na ƙwallon Amurka, mai kama da zari-ruga. Wasan kaɗan ya nuna. Hankalinsa na kan takardar jadawali.

7/ Komai a rubuce, minti bayan minti: yaushe ake buɗe ƙofa, yaushe 'yan badujala za su shiga, yaushe za su fita, yaushe za a take wasa. Mutum ɗaya ke riƙe da takardar, kowa na jin umarninsa. Babba ko ƙarami, in ka makara ka tarar ana yi.

8/ Na san me za ku ce: "Malam, Amurka fa ka ce, su da kuɗi." To ji tarihin. Mutanen garin Pasadena a Kalifoniya bikin furanni suke yi ranar 1 ga Janairu. A 1902 suka ƙara wasan ƙwallo don jawo baƙi. Michigan ta lallasa Stanford 49-0.

9/ Abin bai yi armashi ba, har suka ajiye ƙwallon, ba su dawo da ita ba sai 1916. Filin da ake taƙama da shi, mai siffar kwano, mai cin mutum kusan 90,000, sai 1922 aka gina shi. Tsari ne ya fara zuwa, kuɗi suka biyo sawu.

10/ Ga abin da ya fi burge ni: in 1 ga Janairu ta faɗo ranar Lahadi, sai su ɗage zuwa Litinin. Asalin dokar don kada a dami masu ibada a coci ne. Su sun daidaita bikinsu da ibadarsu. Mu da muka san lokacin magariba tun muna yara, kullum sai ta zo mana kamar ba-zata.

11/ Ba cewa nake komai nasu daidai ne ba. Shekara da shekaru jami'o'i da gidajen talabijin na kwasar maƙudan kuɗi, ɗaliban da ke karya ƙashi kuwa an hana su ko kuɗin talla da sunansu, sai a 2021 aka sassauta. Wannan su riƙe abinsu. Agogon nake so mu ɗauko.

12/ Kuma kada wani ya ce Bahaushe bai iya tsari ba. Je ka kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Dabbobi daga Nijar, fatake daga kudu, kowane ɓangare da shugabansa, kowa ya san wurinsa. Dubi hawan sallah a Gumel: kowane hakimi ya san bayan wa zai bi.

13/ To me ya sa in an zo wasan matasa sai a yi shi sakaka? Saboda yawancin kofunanmu ba don 'yan wasa ake sa su ba. Don hoto ne. Zaɓe ya ƙarato, kofi ya fito. Zaɓe ya wuce, ko ƙwallo ɗaya ba ka ƙara gani. Yara su ne adon taro, mai kofi ne taron.

14/ "Ai shi ya sayi kofi da jesi, dole a jira shi." Allah ya saka masa, da gaske nake. Amma wanda ya ba ka gudummawar biki ba shi ke sa lokacin ɗaurin aure ba. A sa sunansa a fosta, a ba shi kujerar gaba, ya miƙa kofi. Jawabi bayan wasa.

15/ In ba mu gyara ba, ga dambe nan ya ishe mu darasi. Wasanmu ne gaba da baya. Amma Dambe Warriors, da ta tallata shi a YouTube har duniya ta gani, a Legas aka kafa ta a 2017. Ban ga laifinsu ba. Sun zo da kyamara da tsari, mu muna kan benci muna kirari.

16/ Mu 'yan jami'a ma ba mu tsira ba. NUGA, gasar jami'o'in Najeriya, tun 1966 aka fara ta a Ibadan. Tsakani da Allah, ɗalibai nawa ne a ajinku za su iya faɗin inda aka yi ta ƙarshe? Amma jadawalin Firimiyar Ingila mun haddace shi kamar karatun allo.

17/ Ga shawarata, kuma ba ta buƙatar gwamna. Gumel, Maigatari, Gagarawa, Sule Tankarkar: kofi ɗaya, bayan kaka, lokacin da kuɗin riɗi da zoɓo suka shigo hannu. Rana tsayayya kowace shekara, a riƙa zagayawa da fainal tsakanin garuruwan huɗu.

18/ Sai dokoki biyar:
• Mutum ɗaya ke riƙe da jadawali, maganarsa ce yanka
• A take wasa da 4:00, ko wa bai zo ba
• Igiya zagaye da fili, da masu tsaronta
• Ruwa da ma'aikacin lafiya a gefe
• A liƙa lissafin kuɗi kowa ya gani

19/ Wanne ne a ciki ya fi ƙarfinmu? Igiya? Agogon da ke wayar kowa? Abin da ya yi mana wuya shi ne mu kalli babba mu ce, cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, an fara, ga kujerarka." Wallahi ranar da aka yi haka sau ɗaya, baɗi da wuri zai zo.

20/ Ɗaliban kwalejin ilimi ta Gumel, na Dutse, na Kafin Hausa, wannan aikinmu ne. Ba kowa ne zai zama ɗan wasa ba, amma riƙe jadawali sana'a ce da ake ci da ita. Ni na sa sunana a hutu mai zuwa. Wanda ke ciki ya yi magana a ƙasa, ya faɗi garinsu.